Robar Gilashin Zinsu

"Zinsu, da kai nake! Dubi hannun rigata."

Zinsu ya duba. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, farin leshin Tanti Asiba ya yi baƙin layi, miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi.

"Ai ke kika jingina da taga, Tanti."

"To ina zan ajiye hannun? A kanka?"

Shekara shida ke nan Zinsu yana ɗaukarta daga Wida zuwa Kwatano, ita da kwandunan kifinta, amma sai yau da ta fito daga coci ta shigo masa da farin kaya. Ya san abin da ya ɓata rigar. Robar bakin gilashi ta waje ta daɗe da mutuwa, rana da iskar teku sun farfasa ta. Kullum da safe sai ya goga mata baƙin mai da tsumma don ta yi ƙyalli, yadda duk direbobin tasha ke yi.

"Asabar ake binne surukata," in ji Tanti. "Mu shida ne, ankon fari. Da motarka za mu ɗauka yini guda. Na fasa. Sagbo zan kira."

Sagbo ɗan tagwaicinsa ne, layi ɗaya suke lodi. In Tanti ta koma motar Sagbo, har kirsimeti Zinsu ba zai sha ruwa a tashar nan ba saboda zolaya.

"Ki ba ni zuwa Juma'a," ya ce.

Washegari ya kai motar wurin Fofo Akpobi, mai gyaran ƙofofi a Godome. Tsohon ya lakato robar da yatsa, ya shinshina.

"Wannan roba ce ko soyayyen kifi? Saura barkono kawai."

"Fofo, canja mini kawai."

"Huɗun duka? Aure za ka yi?"

"Jana'iza."

"Af. Shi ya fi muhimmanci."

Akpobi ya sauke gilashin, ya naɗe bakin sukundireba da ƙyalle, ya riƙa ɓanɓaro tsohuwar a hankali. Guntu-guntu ta fito. Ya wanke gurbin da fetur na kwalba, ya ɗauko wasu robobi da aka ciro daga wata motar da ta yi hatsari, kusan sababbi. Sun fi tsayi, ya datse. Zinsu ya miƙa masa ɗaya.

"Ta hagu ce wannan. Direba guda, bai san hagu da dama ba."

Ya danna ta da tafin hannu har ta zauna daram. Da ya gama huɗun sai ya ce, "Sun kama gilashi sosai. Ka shafa musu ruwan sabulu, kwana biyu za su saki."

Zinsu ya girgiza kai. Shafe-shafe ne ya ja masa wannan. Ya riga ya yi wa kansa alkawari, ko ruwan sama sai dai ya taɓa su ba da izininsa ba.

Ran Asabar aka tashi da yayyafi, ya ɗaga gilasan duka huɗu da ƙyar. Tanti Asiba ta fito da farin hankici, ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya tana gogawa, tana dubawa. Fes. Sagbo na tsaye can gefe da mukulli a hannu.

"Ku shiga," ta ce wa matan.

Zinsu bai kalli ɗan'uwansa ba, amma ya danna masa hon sau biyu.

Kafin su fita gari yayyafin ya ɗauke, rana ta buɗe. Mata shida, leshi mai kauri, turare kala shida. Motar ta fara dahuwa.

"Ba mu mariƙin," in ji Tanti.

Mariƙin sauke gilashi ɗaya ne a motar, a aljihun gaba yake zama, mai bukata ya karɓa ya mayar. Zinsu ya miƙa baya. Tanti ta saƙala, ta murɗa. Gilashin ya ƙi. Ta cije leɓe, ta sa hannu biyu. Ɓas! Rabin mariƙin ya rage a hannunta.

Hoda ta fara gangarowa a wuyan matar da ke kusa da Zinsu. Saura tafiyar awa guda, ga cunkoso a gaba.

Tanti Asiba ta ɗora guntun ƙarfen a kafaɗarsa, a hankali.

"Zinsu, ɗana. Gawa za mu je rakawa, ko mu za a raka?"