Dutsen da Maiguwa Ya Kafa

A wani ƙauye da ke bayan Buza, inda duwatsu suka fi itatuwa yawa, akwai gidajen Kirista kaɗan a tsakanin maƙwabtansu Musulmi. Majami'arsu ɗaki ɗaya ne na laka, wanda ya fara ta kuwa shi ne tsoho Maiguwa, da yanzu idanunsa suka rufe.

Kowa a garin ya san labarin dutsensa. Yana saurayi, a hanyar dawowa daga ci-rani, zazzaɓi ya kayar da shi a kan faƙo. Ya ta da kai da wani dutse, ya fid da rai. A nan, in ji shi, ya ji an kira sunansa, an ce ya tashi. Da ya warke sai ya koma ya kafa dutsen a tsaye, ya zuba masa man gyaɗa, kamar yadda Annabi Yakubu ya yi a wurin da ya ga tsani ya kai sama. Ya kuma ɗauki alkawari: ba zai ƙara sa iri a ƙasa ba sai ya kawo shi nan an gode wa Allah. Tun daga lokacin, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowane gida na majami'ar yakan ɗebi irin hatsinsa a ƙwarya ya kai wurin, Maiguwa ya zuba mai, ya yi addu'a.

Babban ɗansa, Tanimu, shi ne ke riƙe masa hannu zuwa can. Tanimu bai taɓa yin nisa da gida ba. Shi ya jera layukan duwatsun da ke tare ruwa a gonakinsu, shi ya haƙa ramukan taki a faƙon da kowa ya raina har ya ba da hatsi, shi ke yi wa tsohon aski. Magana ce kawai ba ta cikinsa. In an ce ya yi addu'a, jimla biyu ce, sai amin.

Ƙanensa Jika kuwa ya yi shekaru a waje. Ya dawo da labari: motarsu ta lalace a hamada, ruwa ya ƙare, sai ya ji murya ta ce ya bi hannun hagu, ya bi, ya tarar da rijiya. Daga nan ya shiga lakkol, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Ranar da ya ba da labarin a majami'a, Tanimu ya ga hawaye na bin gemun ubansu. Ya duba, ya sake dubawa. Shi dai bai taɓa yin abin da ya sa tsohon nan hawaye ba.

Ran Lahadi, bayan sujada, Maiguwa ya ce, “Muryata ta gaji. Bana Jika ne zai yi addu'ar iri.”

Mutane suka ce madalla. Tanimu ma ya ce.

A gida ya zauna gaban akushi yana juya loma. Matarsa Jaratu ta dube shi ta ce, “Maigida, tuwon ya yi maka laifi?”

“Jaratu, shi Allah matafiya kaɗai yake yi wa magana?”

“To ka tahi hamada mana. Ka roƙi direba ya kashe maka mota.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ki duba Littafin nan. Habila ƙane. Yakubu ƙane. Yusufu ƙane. Dawuda ma daga kiwo aka kirawo shi, yayyensa na tsaye kamar turaku. Babba dai aiki, ƙarami albarka.”

“Ka san inda Kayinu, wan Habila, ya ƙare, ai.”

“Na sani,” in ji shi. Ya sani ɗin kuwa, shi ya sha karanta wa ’ya’yansa labarin, yana jan kunnensu. Amma sanin bai sanyaya masa komai ba. In ya ji Jika na dariya da Baba a zaure, sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Ko gaisuwar Jika, “Yaya, ina gajiya?” sai ya ji ta kamar ba’a.

Ana jibi za a kai iri, da tsakar rana, lokacin da zafin bazara ya kora kowa inuwa, Tanimu ya ɗaura wa jaki amalanke. Ba wanda zai tambayi mai ɗaukar duwatsu inda za shi, aikinsa ne kullum. Ya nufi wurin dutsen ubansa. Tsawon dutsen ya kai gwiwa, ya yi baƙi da man shekaru, yana santsi. Ya girgiza shi, ya haƙe gindinsa, ya mirgina. Da zai ɗora shi sai ya kuɓuce ya murƙushe masa farce. Ya kai shi gonarsa, ya kwantar da shi cikin layin duwatsu, gefen mai yana ƙasa. Wa zai gane dutse a cikin duwatsu? A ransa yana cewa, bari mu ga inda mai jin murya zai tsaya.

Ranar ta zo. Jama'a suka fito da ƙoransu, Tanimu na gaba riƙe da hannun ubansa. Da suka isa, rami suka tarar.

Mata suka yi salati irin nasu. Jika ya tsaya da kwalbar mai a hannu, bakinsa a buɗe, kuma Tanimu ya ji wani daɗi mai ɗaci ya ratsa shi. Sai wani daga baya ya ce, “Wannan aikin gidan Hama ne. Nan shanunsu ke bi.” Wani ya ce a je a tambaye su yanzu. Samari suka fara ajiye ƙorai.

Daɗin ya gudu. Hama makiyayi ne, Musulmi, wanda ke kwana da shanunsa a gonar Tanimu bayan girbi don ya bar masa taki.

“Kul,” in ji Maiguwa. “Uban Hama ne ya ba ni nono ranar da na faɗi a nan. Kada wanda ya taka ƙafa.”

Duk wannan hannunsa na cikin na Tanimu. Yatsun tsohon suka bi tafin a hankali, suka taɓa tsumman da ke ɗaure da farcen. Ya ɗaga hannun zuwa hancinsa, kamar mai share gumi. Tsohon man gyaɗa ba ya fita da wanki ɗaya.

Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Kai ni inda shike, ɗana.”

Tanimu ya sunkuyar da kai. Ya juya da shi, jama'a suka biyo su suna kallon juna. A hanya, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, “Baba, mi ya sa ni Allah bai taɓa yi mini magana ba?”

“Ban sani ba,” in ji Maiguwa. “Ni ma sau ɗaya ne, kalma ɗaya. Sauran shekarun duk shiru, ina ta kawo iri.”

“Amma Jika ka zaɓa.”

“Na zaɓe shi, don ya iya. Musa ma bakinsa na da nauyi, aka ba Haruna magana. Ba zan canza ba, Tanimu. Ka ji?”

“Na ji.”

A gonar, Tanimu ya durƙusa ya birkito dutsen da kansa, baƙin gefen ya fito fili. Kallon da jama'a suka bi shi da shi ya fi masa zagi zafi. Jika ya matso zai kama masa su mayar da shi.

“Ku bar shi,” in ji tsohon. “Can tsaye yake ba ya aikin komai. Nan yana tare ruwa. Kai ka ɗauko shi, kai za ka riƙe shi. Kowace shekara mutane za su taka maka gona, kai za ka share musu wuri, kai za ka ba su ruwa.”

Jika ya zuba mai, ya fara addu'a. Ya ambaci bakan gizon da aka nuna wa Nuhu, ya roƙi ruwa ga gonakin garin duka, har da makiyayar Hama. Addu'ar ta yi kyau. Tanimu ya so a ce ba ta yi ba, ya kuma ji kunyar son. Hannun ubansa na kan kafaɗarsa, da nauyinsa duka, don tsohon ya gaji da tafiya.

Jama'a suka shafa, suka ce amin. Jaratu ta zungure shi da gwiwar hannu. Sai a lokacin nasa amin ɗin ya fito, a makare, shi kaɗai, kowa ya ji.