Inda Iya Take Zama

Fa'iza tana wanke burushi a gwangwanin tumatir sa'ad da kilando, babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofar shagonta na unguwar Mursal. Ta ɗago kai tana zaton mai sayen zane ne, sai ta ga ɗan babur ɗin yana tallafar wani tsoho ya sauko. Sai da sandarsa ta taɓa ƙasa ta gane mahaifinta ne, Malam Abdulgani. Shekara goma sha takwas tana zane, takwas daga ciki a wannan shago, ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar ba.

"Baba, lafiya? Da ka aiko ai da na zo gida Gardole."

"Afe, lafiya lau, Auta. Abin da ya kawo ni ba na aike ba ne."

Ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo shayi. Ya zauna ya kafa ido a ƙasa, kamar wanda ya shigo ɗakin surukai.

Malam Abdulgani bai yarda da hoto ba, kuma gado ya yi. Kakansa ya baro ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, tafiya ta tsaya masa a nan Injamena, shi ke nan har yau 'yan gidan suke kiran kansu matafiya. Matafiyi kuwa, in ji Malam, ba ya barin kamanninsa a zango. Matarsa, wadda duk gidan ke kira Iya, ta bi shi a kan haka, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da Fa'iza ta nace a kan zane tana 'yar shekara goma sha biyar, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: itace, ruwa, sararin sama, amma ban da mai rai, ko tsuntsu ne. Ta ɗauki alkawari ta riƙe. Shi ya sa aka san ta da kogin Shari wanda babu kowa a cikinsa, ba masunci, ba mai wanki, ba dorina. Baƙin da ke sayen zanenta sukan ce zurfin tunani ne. Ita dai ta san tsoron Baba ne.

"Fuskar Iyarku ta ɓace mini," in ji shi.

Fa'iza ta ajiye butar shayin a hankali.

"Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Da fari, in na rufe ido tana nan. Bayan sallar layya ta fara dusashewa. Jiya na zauna in tuno ta, muryar ta zo, takun tafiyar ya zo, fuskar ta ƙi. Katin shaidarta kuma kin san ruwan damina ya cinye shi a akwati." Ya murza carbinsa. "Zana mini ita."

"Alkawarin fa, Baba?"

"Ni na ɗaura, ni na kwance. In akwai laifi, a wuyana. Kalas, magana ta ƙare."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa. Ta jawo takarda da gawayi ta zauna a gabansa.

Hannun nan nata ya san abubuwa da yawa. Ya san launin Shari bayan ruwan farko, lokacin da yake yin kauri kamar kunu, ya san yadda yake washewa in kaka ta yi. Ya san gawo, mai zubar da ganye da damina sa'ad da kowane itace ke ado. Takan yi kwana uku tana kallon wuri kafin ta ɗiga masa fenti, domin a ganinta wanda ya yi gaggawar zana kogi, tunaninsa ya zana, ba kogin ba. Amma hannun bai taɓa zagaya haɓar mutum ba. Ta ja layi, layin ya zama gaɓar ruwa. Ta sa ido, ya fito ƙwallon tsamiya.

"Akwai tawadar Allah a kumatunta," in ji Malam. "Na dama."

"Na hagu ne, Baba."

Shekara arba'in da shida shi da Iya suna ɗaki ɗaya, amma mutumin da ne, mai kunya. Bai taɓa ƙura mata ido a gaban mutane ba, sunanta ma bai taɓa fita daga bakinsa ba, daga "ke" sai "Iyarku". Abin da ya fi tayar wa Fa'iza da hankali shi ne ita ma da ta laluba, ba ta da tabbacin hagun.

Aka kira azahar, suka yi salla, suka koma. Takarda ta bakwai ce ta fito da fuska sosai, mai ido da hanci da baki. Ya karɓa ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe.

"Wannan ai mai kifin kasuwar Dembe ce."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya ajiye takardar a kife, ya goge ido da bakin rawani, ya dafa sanda ya miƙe. "Ba laifinki ba ne. Ni na hana ki koya."

Ya kusa ƙofa ya tsaya. A lungun shagon akwai zane-zane jingine, duk sun ba ɗaki baya, an lulluɓe su da tsohon zani.

"Waɗancan laifin me suka yi aka juya su bango?"

Wata uku ke nan da ta juya su, kuma tun ranar ba ta sake zuwa bakin kogi ba.

Tsofaffin zanenta ne. Da yake Malam bai yarda 'ya mace ta je bakin ruwa ita kaɗai ba, Iya ce ke raka ta, har bayan ta yi aure ba su fasa ba. Iya takan zauna a gindin gawo, ta fuskanci ruwa da carbinta, kuma kullum a tsakiyar abin da Fa'iza ke son zanawa. Wa zai ce wa uwarsa ta matsa? Sai ta riƙa kewaye ta da burushi, ta bar wurin fari. In ta koma gida ta cike gurbin da yashi ko ciyawa, da fentin da take haɗawa da kanta, jar ƙasa da ƙaro. A lokacin launin ya saje, ba wanda ya taɓa lura. Daminar bana da danshi ya shiga shagon, fentin kanti ya koɗe, na ƙasa ya yi duhu. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da Iya zaune a jikin bango. Tsoro ya sa ta fita da gudu ba takalmi.

Ba ta yi masa wannan bayanin ba tukuna. Ta yaye zanin, ta juyo da na farko.

Ga Shari, ga gawo, ga bakin garin Kusuri can a ƙetare. A gindin itacen kuma ga wani duhu mai siffar mace a zaune, ta ba da baya, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, kai ya karkata kamar mai sauraron magana daga nesa.

Sandar Malam ta faɗi ƙasa, bai ko dube ta ba.

"Juyo da na gaba."

Ta juyo da shi. Ta sake juyo da wani. Goma sha huɗu ne, ta jera su yadda shekarunsu suke. A na farko bayan a miƙe yake. A na shida ya fara rusunawa. A na ƙarshe, wanda ta yi wata biyu kafin rasuwar, siffar ta ƙanƙance, ta jingina da itacen.

"Duk shekarun nan zana ta kike yi?"

"Ban zana ta ba, Baba. Wallahi kewaye ta na yi." Sannan ta gaya masa yadda aka yi.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana jan ƙafa, hancinsa ya kusa taɓa fentin. "Nan ciwon kafaɗar ya fara," ya ce. "Shekarar da aka haifi Junaid ɗinki." Ya matsa gaba. "Ko sau ɗaya ba ta juyo ba?"

"Ruwan take kallo kullum."

Daga masallacin unguwa aka kira la'asar. Fa'iza ta ɗauko buta, don tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin kiran salla ya same shi bai miƙe ba. Bai karɓa ba. Ya jawo dardumar da kansa har gaban zanen ƙarshe, ya zauna daf da shi, a bayan matar, ya gyara rigarsa.

"Hamdiyya," ya ce, ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi wa mutum don ya waiwayo.

Fa'iza ba ta taɓa jin sunan Iya a bakinsa ba sai yau. Ya kafa wa zanen ido yana jira. Ita ma tana tsaye da butar a hannu, sai ta lura ta daina numfashi, tana jira tare da shi.