Ƙarar da ke gaban lorin Sulemana

Ni Sahadatu, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin garejin Masta Issifu a Zango, don haka abin nan a kan idona aka yi shi. Ƙanena Sulemana direban lori ne, yana kai goro arewa. Ba shi da mugun hali, amma bakinsa ya fi ƙafarsa saurin taka wuta, tun yana yaro haka yake.

Lokacin nan ne gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana. Zango ta rikice. Mu 'yan Salaga ne, 'yan ƙasa, ba abin da ya shafe mu. Masta Issifu kuwa a nan Kumasi aka yanke masa cibiya, amma ubansa daga Nijar ya zo, kuma ba wata takarda da yake da ita. Duk unguwa an sani, duk unguwa kuma an kama baki.

Ranar da abin ya faru, Sulemana ya shigo gareji da lorin yana huci. Kwana kaɗan kafin nan Masta ya sa masa sabon birki a gaba, ga shi yanzu da ya taka sai a ji ƙas, ƙas daga tayar hagu.

"Masta, wane irin aiki ne wannan? So kake ka kashe ni a hanyar Tamale?"

Masta ya goge hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Sulemana. Bari mu ji ta tukuna."

Ya sa shi ya ja motar gaba kaɗan ya taka. Ƙas. Ya sa jak ya ɗaga gaban, ya girgiza tayar, ba ta motsa ba. Ya kwance ta, ya cire kwanon da ke rufe birkin, ya duba ƙarafan ciki ɗaya bayan ɗaya. Komai na zaune daram.

"Ba daga aikina ba ne," in ji shi.

Nan fa ƙanena ya hau. 'Yan sanda biyu na zaune a bencina suna cin abinci, ya gan su sarai, amma fushi ya rufe masa ido.

"Haka kuke, ku 'yan Nijar! Ku ɓata wa mutum mota ku ce ba ku ba ne. Mutumin da ko takardar zama ba shi da ita, me zai dame shi in na mutu?"

Wallahi ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi cikin tukunya. Na ga ɗan sanda ɗaya ya daina tauna, ya dubi ɗan'uwansa.

Masta ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, ya daɗe yana lalube a bayan tayar. Da ya fito hannunsa a dunƙule yake. Ya ja Sulemana gefe, kusa da teburina, inda ba mai gani sai ni, ya buɗe hannun. Laya ce ta jar fata, da ɗan zoben ƙarfe a jikinta, an ɗaure ta da waya.

Ni na san ta, Sulemana ma ya san ta. A ƙarƙashin matashin mahaifiyarmu Mma take kwana tun rasuwar babanmu. Ashe tsohuwa, da ta ga hanya ta cika da motocin masu gudu, sai ta lallaɓa ta ɗaura wa ɗanta a ƙasan mota don tsari, ba ta gaya wa kowa ba.

"In ka taka birki gaban mota yakan sunkuya, sai zoben ya bugi ƙarfe," Masta ya ce a hankali. "Ƙarar ba komai ba ce. Wayar ce ta fara cin tiyon man birki, da ka kai Kintampo da ta huda shi. Zan canja maka. Layar kuma ka rataye ta a ciki. Kada ka yi wa Mma faɗa, don kai ta yi."

Sulemana ya karɓi layar. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, har 'yan sandan suka wanke hannu suka tafi ban dube su ba.

A gida na wanke shi tas. Na ce, "Mutumin da ya koya maka riƙe sifana? Wanda ya ɗauki makarar babanmu?" Ya ce, "Yaya, ki bar ni haka," ya sa kai tsakanin gwiwoyi yana kuka. Ban tausaya masa ba, gaskiya.

Ba a yi mako ba hukuma ta zo ta ce wa Masta ya bar ƙasa. Ya rufe gareji, ya raba wa abokan sana'a abin da ba zai ɗauku ba. Motar zuwa iyaka ta yi wuya, ko'ina a cike. Sai ga shi da kansa a ƙofar gidanmu, yana tambaya ko Sulemana zai kai su Bawku, shi da matarsa Zuleha da 'ya'yansu. Ya ce motar ce kaɗai ya yarda da birkinta.

Da safe aka loda katifu da tukwane. Mma ta riƙe Zuleha suna ta hawaye, har yau ba ta san abin da ya jawo ba. Sulemana ya durƙusa a gaban Masta zai yi magana, Masta ya ɗaga shi. Ya zagaya wajen tayar hagu, ya sunkuya ya taɓa sabon tiyon.

"In ka dawo ka riƙa duba shi da kanka," ya ce. "Ka ga ba na nan."

Suka hau. A bakin kwalbatin da ke ƙarshen layinmu Sulemana ya taka birki, ina tsaye ina saurare. Ko ƙas ban ji ba.