Haruffa Uku a Garejin Lefty

Ina riƙe da tsofaffin batura uku a tafin hannuna na mayar da wutar. Injin wasan ya yi ƙara ya kawo haske, sai na ga allonsa yana nuna wasu sunaye da ban taɓa gani ba. Na tsaya ya zagayo. Ya nuna na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, ya koma farko. Babu G.R.M. Na kashe na sake kunnawa har sau uku, kamar yadda nake yi wa talabijin ɗina idan ta yi gardama, amma haruffan ba su dawo ba.

Da na zo rufe murfin kan injin ne na ga wata 'yar takarda manne a ciki, da rubutun Lefty manya-manya: KADA A KASHE WUTA IN ZA A CANJA BATIR. Ni kuwa na riga na kashe. Na nemi akwatin kayan aikinsa na zauna a kai, zufa tana bin gadon bayana. Fabrairu ne, tsakiyar zafi a wurinmu, garejin kuwa na kwano ne, kuma sha ɗayan safe ta riga ta gota.

Lefteris Mavromatis maƙwabcina ne shekara talatin, amma duk Port Pirie ba mai ce masa komai sai Lefty. Babansa ne mai shagon kifi da soyayyen dankali na kusa da tashar jirgin ƙasa, inda muka ƙare kuruciyarmu. A ƙuryar shagon akwai injinan fimbol biyu, wasan doke ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi ana tara maki, da wani tebur mai gilashi da ake harbin jiragen sama a ciki. In kana son layi sai ka ajiye kwabbanka a kan gilashin injin, ba mai taɓa maka. Ranar Juma'a in an tashi daga masana'antar dalma, ba ka jin komai a wurin sai ƙararrawar injina da ihun samari, ga ƙaurin mai da hayaƙin taba. Da shagon ya mutu, Lefty ya kwaso injinan ya kawo gida.

G.R.M. kuwa matarsa ce, Glenys Ruth. A shekarar 1988, da tsohon ciki har yana tokarar injin, ta ci maki miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai da sha biyu a kan sabon injin shagon, mai zanen babban kifi. Ba wanda ya ƙara kamo ta. Ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Batura ukun nan su ne ke riƙe wa injin abin da ya haddace in an ɗauke wuta, shi ya sa duk Fabrairu Lefty yake sabunta su da hannunsa. Bana ciwon daji ya kwantar da shi, asibitin Adelaide suka sallamo shi gida, kowa kuma ya san abin da wannan sallamar take nufi.

Da safen nan ya miƙo mini mukulli daga kan gado.

"Ki buɗe kan, za ki ga batura uku a jere. Cire tsoho, sa sabo. Ko akuya aka nuna wa za ta iya."

"To aika akuyar mana."

"Ai ita na aika."

Bai ce mini in bar wutar a kunne ba. Su masu wannan sana'a abin ya zama musu jiki har ba sa tuna cewa ana faɗa. Ni kuma mijina marigayi Des shekara arba'in yana gyaran wuta, ko ƙwan fitila zan canja sai na kashe daga bango. Hannuna ne ya yi aikinsa tun kafin in yi tunani.

Na wanke fuska a famfon bayan gida na shiga wurinsa. 'Yarsa Despina, wadda ta ɗauki hutu daga Adelaide ta zo jinya, tana ba shi ƙanƙara da cokali.

"Yaya, Noelene? Tana nan?"

"Tana nan," na ce.

"Miliyan huɗu da?"

"Kai dai ka sani. Ni ba a ɗauke ni aikin karatu ba."

Ya yi murmushi ya lumshe ido. Na fito ina jin kunyar kaina, don tunda nake da shi ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko da a kan karensa da ya addabi kajina ne.

Washegari na koma garejin. Abin da na gano shi ne sunayen nan huɗu na kamfani ne, su injin ke fitowa da su in ƙwaƙwalwarsa ta goge, kuma duk wanda ya wuce makin ɗaya daga ciki za a ba shi damar rubuta haruffa uku. Na ƙarshensu miliyan ɗaya ne cif. Lefty ya daɗe da gyara injin ya daina cin kuɗi, danna maɓalli kawai ake yi. Na danna, na ja sandar harba ƙwallo na saki, ƙwallon ƙarfen ta haura ta sauko ta wuce tsakanin 'yan hannuwa biyun da ake doke ta da su ko taɓa ta ban yi ba. Shekarata sittin da tara, yatsuna sun kumbura da sanyin ƙashi, rabona da fimbol tun ina budurwa. Ranar ban wuce dubu casa'in ba.

Haka na riƙa yi kullum. Da na ba kaji abinci sai in bi ta ƙofar shinge, in buga har zafi ya kore ni, in dawo da la'asar. Ƙafafuna suka kumbura, wuyan hannuna ya riƙa zugi. Wani lokaci in ƙwallon ta faɗa sai in kifa goshi a kan gilashin, don na gaji da abin, na gaji da zafin, na gaji da ganin mutanen layinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ana bar mini mukullansu.

Tagar ɗakin Lefty tana kallon garejin, duk yana ji.

"Dessie, kin ga Noelene ta kamu," ya ce wa Despina ranar da na kai masa miyar kaza. "Shekara talatin tana ce mini wasan yara ne."

"Ina motsa maka shi ne kada ya yi tsatsa."

"Motsawa? Duka dai. Ina ji kina danna hannu biyu lokaci ɗaya kamar mai korar ƙuda. Ɗaya-ɗaya ake yi, baiwar Allah. Ki tare ta, ki bari ta huce, sannan ki harba."

Na riƙe wannan. Rana ta biyar na kai dubu ɗari shida. A ranar ne Despina ta shigo neman tsani ta tarar da ni, ta tsaya tana kallon allon har ya zagayo sau biyu.

"Anti Noelene, ina sunan Mama?"

Na gaya mata komai. Ta dafe kai ta jingina da bango. Ita ma duk ta rame, idanunta sun faɗa.

"Ki bar shi kawai, Anti. Baba ba zai ƙara takowa nan ba. Nas ta ce sati biyu, in an yi sa'a."

"In ya tambaye ki fa?"

"Sai in ce tana nan. Ni ma ƙaryar zai samu sauƙi nake ta yi masa tun Disamba."

Ban bari ba. Rana ta tara, wajen ƙarfe goma, ƙwallon ta shige wani rami da ban taɓa samu ba, fitilu suka rikice, ƙwallaye uku suka fito tare. Ban san me na yi ba, dannawa kawai nake ina zagin injin. Da ta lafa, allon ya nuna miliyan ɗaya da dubu sittin da uku, ya tsaya yana jiran haruffa. Na lalubo G, na lalubo R, na lalubo M.

Bayan kwana biyu Lefty ya tashi da ƙarfi-ƙarfi. Ya ci rabin ƙwai, ya sa aka yi masa aski, ya ce a kai shi gareji. Despina ta ce rana ta yi zafi. Ya ce ai ba narkewa zai yi ba, in ma ya narke an huta da haƙa rami. Muka ɗora shi a keken marasa lafiya, ba nauyin komai, muka tura shi ta kan ciyawar da ta bushe.

Ya sa hannu ya shafa gefen injin, daidai inda tafin mutane ya cinye fentin. Allon ya nuna sunan kamfani na ɗaya, na biyu, na uku. Sannan G.R.M., da ɗan makina a gefe. Ya bari ya sake zagayowa. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido.

"Glenys ba ta taɓa zuwa ta huɗu ba a rayuwarta," ya ce.

"Lefty, ni ce. Na kashe wutar."

"Na sani. Tun ranar na ji kin kashe kin kunna sau uku." Ya yi tari, Despina ta goge masa baki. "Laifina ne, ni ne ban faɗa ba. Na kwana biyu ina jin haushinki, sai na ga ba ni da ƙarfin jin haushin ma."

"Ka yi haƙuri."

"Wannan wa ya buga?"

"Ni."

"Kwana nawa?"

"Tara."

Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Kwana tara! Noelene, gilashin nan zarewa yake yi. Ki ja ƙarfen nan na gaba, ki zare shi, ki riƙa taɓa abubuwan da yatsa. Minti goma kin yi miliyan goma. Haka muke gwada inji in mun gyara."

Na dubi kumburarrun yatsuna. Despina kuwa har ta kai hannu wurin ƙarfen.

"To Baba, mu yi hakan mana yanzu. Ka san lambar, mu mayar mata daidai yadda take, a sama."

"A'a."

"Baba, minti goma ka ce."

"Cire hannunki, Dessie." Muryarsa ta fito da ƙarfin da ban ji ba tun da ya dawo. "A shagon kakanki ba a taɓa rubuta suna gilashi a buɗe ba. Wani yaro ya taɓa yi, Baba ya hana shi shiga shekara guda. Na uwarki bugawa ta yi, kina cikinta. Ya tafi, shi ke nan." Ya nuna allon da haɓa. "Wannan ma bugawa aka yi. A bar shi."

Despina ta janye hannunta. Can ya ce in matso da shi. Daga zaune ba ya iya kai hannu gefe biyu, don haka ya kama maɓallin hagu, ni na kama na dama, Despina ta ja sandar. Ba mu yi abin kirki ba. Yana ta yi mini faɗa, wai na cika gaggawa, wai an haife ni da babban yatsa goma. Kafin ƙwallo ta uku kansa ya fara langaɓewa, muka mayar da shi ɗaki.

Ina gyara masa matashi ya riƙe mini hannu.

"Ki ci gaba da zuwa da safe. Ki bar ƙofar garejin a buɗe. In na rufe ido ina jin ƙarar, sai in ga kamar Juma'a ce."

"Yatsuna sun mutu, Lefty."

"To ki buga da gwiwar hannu. Ba bambanci za a ji ba."

Daga ranar bai ƙara cin abinci ba. Limamin cocinsu ya zo ya tafi, tsofaffin abokansa biyu suka zo suka zauna a baranda ba su iya shiga ba. Ni kuma kullum ƙarfe takwas ina gareji, ƙofa a wangale, tagarsa a buɗe. Ba na neman maki kuma. Abin da nake nema kawai ƙwallon ta daɗe a sama, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa.

Ranar Talata da safe iska ta ɗan yi sanyi. Ina kan ƙwallo ta biyu, na tare ta a hannun dama na bari ta huce kamar yadda ya koya mini, sai hasken ƙofa ya ragu. Na ɗaga kai na ga Despina tsaye ba takalmi, da tawul ɗin goge masa fuska a hannunta. Da ganin fuskarta na san Lefty ya cika.

Na ɗauke hannuwana daga injin. Ƙwallon ta gangara a hankali ta faɗa rami. Injin ya yi ɗan lissafinsa, ya turo ta uku bakin sandar, ta zauna a nan tana jira, fitilu suna ta kewaye ta.