Harafin U

...kuma ba sai an tuna mini ba, ƙarfe huɗu edita Mossie yake son rubutun ya isa jarida, yanzu uku saura kwata. Tsere shida na gama. Saura ɗaya, na huɗu a jerin gobe, tun safe nake kewaye shi kamar mai kewaye kududdufi. Mil uku, shinge goma sha takwas, dawaki tara. Tara kacal, Sorcha 'yata. Da kina kujerar can da kin gama da su kafin shayinki ya huce.

Shekara talatin da ɗaya a kan teburin kicin ɗin nan. Juma'a in zauna da takardar dawaki in faɗa wa mutanen gundumar nan wanda zai ci ranar Asabar, Lahadi su tare ni a ƙofar coci su ce dokina har yanzu bai iso ba. Na saba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in rubuta sunan dokin da ban yarda da shi ba. Ko sau ɗaya. Ke kin sani.

To, doki na ɗaya. Slieve Rua, 4-3-5, matsayin da ya zo a tserensa uku na baya ke nan. Doki mai ladabi, kowa sai ya bari ya wuce gabansa. Na biyu shekararsa goma sha biyu, ya kamata a ce yana cin ciyawa a bayan gidan wani. Na uku P-P, sau biyu ana tsayar da shi kafin ƙarshe, numfashi ne ba shi da shi. Na huɗu... na huɗu yana da ɗan abin faɗa, ya zo na biyu a watan jiya, amma da nisan da za a iya shanya wanki a tsakani. Na biyar bai taɓa kai mil uku ba, ubansa ma bai taɓa ba.

Na shida.

Bari in zuba ruwa a buta tukuna. A'a, buta ma... Rusty Kettle sunansa a takarda, wato buta mai tsatsa, ke kika raɗa masa Buta, wai don yadda yake huci da safe. 2-1-1-U. Kusa da sunan, ƙaramar lamba, 104. Kwanakin da ya yi bai fita tsere ba ke nan. Kin ga ikon Allah? Ni na daina ƙirgawa don kada in haukace, ashe jarida tana ƙirga mini. Kwana ɗari da huɗu.

Kina shekara bakwai, kina durƙushe a kujerar nan don tebur ya fi ƙarfinki, yatsa duk man shanu, kina bin haruffan — "Baba, F fa?" Doki ya faɗi. "P?" Mahayi ya tsayar da shi. "U?" Doki ya tsallake yana kan ƙafafunsa, mahayin ne ya zame. Kika ɗago kai. "To wannan ai abin kunya ne." Na yi dariya har na ƙware. Na ce gaskiyarki, F laifin doki, U laifin mutum, ki riƙe wannan. Ni na faɗa. Da bakina, a nan, ina shafa miki man shanu a burodi.

Na rubuta musu wasiƙa, kin sani? Masu haɗa littafin sakamakon tsere. Sau biyu. Na ce a sake dubawa, gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, a mayar da shi F. Suka amsa da ladabi, suna taya ni baƙin ciki, sun sake kallon hoton, dokin bai faɗi ba. Me zan ce musu? Ni da na shekara talatin ina yi wa mahaya dariya idan suka zo suna roƙon a canza musu harafi.

Mahaifiyarki tana sama, ina jin takunta. Ɗakinki, taga, ɗakinki. Ba ta taɓa jaridar yanzu, ko kunna wuta ba ta yi da ita. Jiya da ta ga sunayen gobe a kan teburin sai ta ce, "Fintan, idan ka rubuta sunan dabbar nan..." Ba ta ƙarasa ba. Nuala da ba ta taɓa barin magana a rabi ba tun da na aure ta.

Mossie ma da safe: "Tsoho, bar wannan tseren, in ba wani ya cike. Babu wanda zai ga laifinka." Na ce shafina ne. Shafina! Girman kai, ba wani abu ba. Da na bari.

Don ga yadda abin yake. Duk ɗan koyo ya san abin da ake rubutawa idan doki mai kyau ya dawo da U a bayansa. A ja layi a kan gudunsa na ƙarshe, ba laifinsa ba ne. Sau nawa na rubuta wannan jimlar? Ɗari biyar? Dubu? Hannuna yana rubuta ta ba tare da ni ba. A ja layi. A ja layi a kan ranar da... Idan kuma ba laifinsa ba ne, na wane ne? Mutum dubu goma sha biyu ke sayen jaridar nan, duk sun san ma'anar harafin, duk sun san 'yar wace ce a kan sirdin. Uban ne da kansa zai buga musu tambari.

In zaɓi doki na huɗu mana. Wa zai ce uffan? "Ya nuna alamar dawowa, zai so nisan." Ƙarya mai tsabta, kalma bakwai. Tsohuwar nan Misis Tuohy za ta ɗauki yuro biyunta ta kai shagon caca kamar kowace Asabar, ta ce abin da Fintan ya faɗa, ta rasa, ta yafe mini. Ita da ta kawo tukunyar miya kwana tara a jere lokacin makoki. Yuro biyu ne kawai... Ke ce ba za ki yafe ba. Ina jin muryarki: "Haba Baba, wannan jakin? Tsufa ne ko tabarau ne ya ɓata?"

Ruwan sama ne ranar. Ina saman rumfa, inda nake tsayawa kullum, madubin hangen nesa a ido — koriyar riga, farar hula, kina gaba da tsawon doki huɗu, saura shinge ɗaya. Na fara ninke takardata ma. Sai na ga hular babu. Shi kuwa ya zo, sirdi wayam, likkafa tana kaɗawa, kunnuwa a miƙe, ya tsallaka layin gaban kowa. Mutane suka yi masa tafi. Dariya suka yi, Sorcha, haka ake yi idan doki ya ci tsere babu kowa a kansa, ni ma na sha yi. Ina jira ki tashi ki doki ƙasa da bulala kamar yadda kika saba. Ina jira. Sai na ga suna kafa koren tamfol, na ce a raina wane doki ne ya karye? Don dawaki ake kafa wa tamfol. Na ƙirga su, duk sun dawo.

Uku da kwata. Wayar ta yi ƙara ta daina.

Dinny, mai horar da shi, ya zo bayan wata ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. "In kana so in sayar da shi a Ingila, Fintan, gobe sai in sa shi a jirgi." Na ce doki ya san me ya yi? Ban ba shi shayi ba. Dinny da muka yi aji ɗaya. Gobe wani mutumin Cork zai hau shi, mai hannu mai sanyi, in ji su. Zai zauna a sirdinki. Za su tsawaita masa likkafa rami biyu, ke da gajeriya kike hawa, na sha gaya miki kin cika gajarta ta... a'a. Ba wannan ba ne. Na kalli hoton sau ɗaya tak, ba likkafa ba ce.

Yi aikin, Fintan. Yi shi kamar na kowane doki, layi bayan layi, yadda ka koya mata. Nisa, nauyi, ƙasa. Kwana ɗari da huɗu idona bai wuce harafin nan ba, yau dole in karanta abin da ke gefensa.

Oktoba, ya zo na biyu, mil biyu da rabi, ƙasa busasshiya. Ƙarshen Oktoba, ya ci, mil uku, busasshiya. Nuwamba, ya ci da tsawon doki tara, "ya tashi daga nesa a shingen ƙarshe," busasshiya. Disamba...

Laka.

Laka mai nauyi, haka suka rubuta. To ai na sani, ina wurin, takalmina ya — amma ranar Juma'a da na rubuta shafin ba a yi ruwa ba. Da hantsin Asabar ya sauko. A mota muna tafiya, abin goge gilashi yana kai da komo, kina cin ayaba, ni ina tuƙi ina ta surutu kamar kullum. "Idan kin zo shingen ƙarshe kada ki riƙe shi. Sau uku na kalli gudunsa, daga nesa yake son tashi. Ki tura shi, zai ba ki." Kika leƙa waje. Kika ce... me kika ce? Kin ce wani abu.

"Ko a wannan taɓon, Baba?"

Na ce takarda ba ta ƙarya.

Takardar busasshiyar ƙasa ce a hannuna. Gudu uku, duk a busasshiya. Dokin da ya yi mil uku a laka ba ya tashi daga nesa, ƙafafunsa ba za su iya ba, sai ya ƙara ɗan taku a gindin shinge ya lallaɓa ya haye. Ɗan shekara goma a bargar Dinny ya san wannan. Ke kin sani, shi ya sa kika tambaya. Kin tura shi, kin miƙa jikinki gaba kina jiran ya tashi, shi kuwa ya yi abin da ya dace, ya ƙara takunsa. Ya tsira da ƙafafunsa. Ke kin riga kin tafi inda na ce zai je.

Shekara ashirin da shida kina musu da ni a kan komai. A kan gishiri a dankali, a kan saurayin nan mai babur, a kan ko wane doki a ƙasar nan. Me ya sa ranar ba ki yi ba? Me ya sa, 'yata?

Kwana goma ba a yi ruwa ba. Gobe busasshiya ce. Zai ci, babu wanda zai ga ƙurarsa a cikin taran nan, zai tashi daga nesa a na ƙarshe kamar yadda na faɗa, mutumin Cork zai ɗaga bulala sama. Gaskiya na faɗa miki, ranar ce kawai ba tata ba.

Ga shi hannuna ya rubuta. Rusty Kettle. A ja layi a kan gudunsa na ƙarshe, ba laifinsa ba ne. Ba laifin mahayiyarsa ba ne kuma — wannan Mossie zai yanke, babu wuri, kalma arba'in ake ba kowane tsere. In ma ya bari za su ce uba ne, me kake so ya ce? Akwai harafin doki, akwai na mahayi. Na wanda ya tuƙa motar fa?

Huɗu saura biyar. Takun Nuala ya tsaya a kan matakala, tana saukowa. Za ta tambaye ni wanda na zaɓa. Wannan zan iya faɗa mata, ina jin zan iya. Abin da na faɗa miki a mota kuwa...

Wayar ta sake farawa. Na gaji, Sorcha. Hannuna yana kan takardar, ban san me nake rufewa ba.