Wasiƙun Iya Luba zuwa Likoro

Shekarar da Hafiza take aji huɗu a firamaren Likoro, Malama Naja'atu ta karanta musu labarin wani yaro mai jiran wasiƙar yayansa. Da ta gama sai aka rasa wanda ya taɓa ganin wasiƙa a ajin. Kowa waya ya sani.

Malama ta samo kwalin sabulu ta huda masa baki, ta rataye a bango. Ta shirya da wata ƙawarta mai koyarwa a Dandamisa, aka haɗa kowane ɗalibi da abokin rubutu a can. Wani direba mai zuwa kasuwar Makarfi shi ke kai saƙon ya dawo da amsa. Malama ta ce duk wasiƙa sai an sa maganar wani babba na gida a ciki.

Hafiza ta tunkari kakanta, Malam Inuwa, yana gyaran fartanya a zaure.

"Kaka, me zan ce musu ka ce?"

"Ki ce ina gaisuwa, amarya. Me kuma zan ce wa mutanen da ban sani ba?"

Haka ta rubuta. Amsa ta zo daga wani yaro, Zayyad. A ƙasan takardar ya ce kakarsa, Iya Luba, haifaffiyar Likoro ce, aure ya kai ta Dandamisa tun tana budurwa, kuma 'yan uwanta duk sun rasu. Tana tambaya ko tsamiyar bakin rijiyar Kudu tana nan.

Da Hafiza ta karanta wa Malam Inuwa amsar, sai ya ajiye aikin da ke hannunsa. "Luba ta gidan maƙera? Ɗauko biro."

Daga ranar aikin ya fi ƙarfin aji huɗu. Bayan la'asar Hafiza takan zauna a tabarma, kakanta yana faɗa tana rubutawa, yana tsayar da ita idan ta yi sauri. Tsamiya tana nan, amma an rufe rijiyar. Filin da doki ke juya injin matse rake a yi mazarƙwaila ya zama shaguna. Iya Luba kuma takan aiko da sunayen mutane, wane yana raye, wance fa? Wasu Malam Inuwa ya sani, wasu sai Hafiza ta shiga gida-gida ta tambayo tsofaffi. Har mahaifiyarta ta ƙulla tsamiya a leda aka haɗa da wata wasiƙar.

Bayan girbin dawa Zayyad da babansa suka kawo Iya Luba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai yawan dariya. Hafiza ta riƙe hannunta suka zaga gari. A ƙofar gidan maƙera ta tsaya ta daɗe tana kallon ginin bulo da ƙyauren ƙarfe.

"Nan ne, Iya," in ji Hafiza.

"Na yarda, 'yar nan. Ni dai ban gane shi ba. A takardarki ya fi kama da gidanmu."

Ba ta yi kuka ba. Ta koma gidan su Hafiza ta ci tuwon dawa da miyar kuka, suka yi hira da Malam Inuwa daga bakin zaure har rana ta yi sanyi, suna gardama kan shekarar da fari suka cinye gero.

Da damina aka yi wa Malama Naja'atu canjin makaranta zuwa Ikara, wasiƙun ajin suka tsaya. Na tsofaffin biyu sun ci gaba har Allah Ya yi wa Iya Luba rasuwa, Hafiza tana aji shida.

Yanzu Hafiza tana karatun ungozoma a Zariya. Idan ta zo hutu takan tarar da kakanta a zaure, idonsa ya yi rauni, ya daina zuwa gona. Yakan sa ta zauna ta gaya masa abin da ya canja a hanya daga tasha zuwa gida.