Ɓarayin Ruwan Malam Audu

Malam Audu ba ya jin magana har ƙarshenta. Da ya tsinci rabin da ya taɓa shi, shi ke nan, ya miƙe ya kaɗe riga. Lambu gare shi a bayan Mando, gefen wani rafi da ke gangarawa Kogin Kaduna, kuma da lambun nan yake ci da gidansa: latas, alayyahu, ɗan karas. Rafin kuwa, tun da gidajen bulo suka cinye kurmin da ke samansa, sai ya lalace. Ya yi hauka da damina, ya ƙafe tun Janairu ba ta fita ba. Rijiya ce ta rage wa Malam Audu. Da igiyar guga yake auna ta, inda ruwa ya tsaya ya yi ƙulli, kuma duk shekara sai ya ƙara igiya.

Rannan 'yarsa Safiya ta zo hutu daga jami'a da aikin bincikenta. Ta ɗaure farar leda a reshen mangwaro da safe, zuwa la'asar ruwa ya taru a gindin ledar.

"Wa ya zuba wannan?" in ji shi.

"Itacen ne, Baba. Yana jan ruwa ta saiwa, ya fitar ta ganye, iska ta kwashe. Mafi yawan ruwan saman da ke sauka a ƙasar da ke shayar da kogin nan haka yake komawa sama, wani ta ganye, wani daga ƙasa in rana ta buge ta. Da zafi ke ƙaruwa ma, abin ƙaruwa yake. Babban mangwaro irin wannan zai iya shan duro guda a yini. Amma kuma inuwarsa..."

Ina! Malam Audu ya tsaya a kan maganar duro. Mangwaro uku, ga darbejiya bakwai da mahaifinsa ya jera ta gabas. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin yana zargin maƙwabta, ashe ɓarayin a gida yake kiwonsu, har yana shimfiɗa tabarma a gindinsu.

Safiya na komawa makaranta ya kira masu injin yankan itace. Matarsa Larai ta biyo shi har lambu.

"Malam, yarinyar nan fa ba ta gama maganarta ba."

"Na ji abin da ya kamata in ji. Ke ma boko za ki karanta mini?"

Kwana biyu aka yi ana kayar da itatuwa. To, don a faɗi gaskiya, rijiya ta ɗago. Taƙi guda cur. Malam Audu ya naɗe igiyarsa ya tafi da ita majalisa bayan la'asar, yana nuna wa dattawa tsohon ƙulli da sabo, kai ka ce shi ya haƙa kogin. Har ya ba liman shawara a duba darbejiyar ƙofar masallaci, don ba a san abin da take yi wa rijiyar alwala ba.

Sai Maris ya shigo da zafinsa. Da can safe da yamma yake ban ruwa, ƙasa ta wuni da danshi. Yanzu kafin hantsi fangali ya tsattsage. Iska mai zafi ta samu hanya ta gabas, tana ratsa lambun ba mai tare ta. Ban ruwa ya koma sau uku, ya koma sau huɗu. Taƙin da ya yi ta alfahari da shi a mako guda ya kwashe shi da hannunsa, ya ci gaba da ƙara igiya. Latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. Matan da ke sarin ganye su kai kasuwar Kawo suka ɗanɗana, suka ajiye, suka wuce lambun gaba. Ya kafa rumfar buhuna, iska ta yayyaga ta. Kafin ƙarshen Afrilu guga ya fara fitowa da laka.

Larai ce ta kira Safiya, ta miƙa masa wayar.

"Baba, itacen yana sha, gaskiya ne, amma shi ke tare wa fangali rana da iska. Sai dai a sake dasawa."

"Zuwa yaushe ya yi inuwa?"

"Shekara goma, ko fiye."

Wannan karon ya saurara har ƙarshe, don ba inda zai miƙe ya tafi. Shekarunsa sittin da biyar, kuma gidan ba zai jira ko damina biyu ba. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki da bai san wa zai ɗora wa ba.

Da ya sa lambun a kasuwa, Hamza dillali ne ya kawo masa Alhaji Anas, mai gina gidajen haya. Alhajin ya fito daga mota, ya zagaya filin, ya dawo fuskarsa a sake.

"Ma sha Allah, Malam, ka iya gyaran fili. Wani wurin sai ka saya sannan ka yi ta fama da itatuwa. Kai kam ka rage mana aiki."

"Madalla," in ji Malam Audu.

Suka duba inuwar da za su zauna a sa hannu, babu. A kan murfin motar aka shimfiɗa takardar, ƙarfen ya yi zafi, sai da Hamza ya riƙe masa gefenta.